Ruwa, Bashi da Fetur: Wa Ke Yanke Ribar Manomi da Masunci a Bakin Tafkin Kainji?

Tsakure

Maƙalar nan tana nazarin yadda manufofin gwamnati suka shafi noma da su a ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, tun daga gina madatsar ruwa ta Kainji har zuwa dakatar da harajin shigo da abinci a 2024. Hujjarta ita ce, shawarwarin da suka fi taɓa aljihun mutumin bakin tafki ba a ma'aikatar aikin gona ake yanke su ba. A tashar lantarki ake yanke su, da Babban Banki, da bakin iyaka, da gidan mai. Duk lokacin da aka sauya ɗaya daga cikinsu ba sanarwa, manomi da masunci ne ke ɗaukar asarar.

Gabatarwa

In ana maganar noma a Jihar Kebbi, shinkafa ce ke fara zuwa baki, hankali kuma ya tafi fadamar Argungu da Suru da Birnin Kebbi. Kudancin jihar, inda Kogin Neja ya buɗe ya zama tafki, ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Masarautar Yawuri ƙananan hukumomi uku ce: Yawuri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Wara, sai Shanga. Gungawa da Shangawa da Kambari da Dukkawa da Lopawa da Hausawa da Fulani ke zaune cikinta, tare da Sarkawa waɗanda su ne gadonsu. Tsohuwar ƙasar fatauci ce. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna a bincikensa muhimmancin Yawuri ga fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro.

Magidanci a wannan yanki ba ya dogara da sana'a ɗaya. Da damina ya noma dawa da gero da masara da shinkafa, da rani ya koma albasa da barkono da shinkafar ban ruwa, tsakaninsu kuma ga kwalekwale da koma. Tattalin gidan kamar murhu yake mai duwatsu uku. Manufofin da za mu duba kusan kullum dutse ɗaya suke kallo, galibi shinkafa, su auna nasararsu da farashin buhu a Legas da Abuja.

Madatsar Kainji: manufar lantarki da ta sake fasalin noma

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru bayanta ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,270, tsawonsa ya haura kilomita 130, ƙarshensa na arewa yana taɓo Yelwa. An yi shi ne don wutar lantarki, tashar kuma an kafa mata injinan da za su ba da megawat 760. Wajen mutum 44,000 aka tayar daga gidajensu. Kowa ya san labarin tsohuwar Busa da tafkin ya cinye da sabuwar da aka gina mata, amma a ɓangaren Yawuri Gungawa ne suka fi ji a jiki, domin tsibiran da suke zaune a kai su ruwa ya ci.

Abin da aka rasa a waɗannan tsibirai ya wuce gidaje. Gungawa sun shahara da noman albasa na ban ruwa tun kafin a san injin famfo. Suna yanka ƙananan fangali a ƙasar da kogi ke shimfiɗa wa laka kowace shekara, su ɗebo ruwa da ƙwarya su shayar. Ba taki ake saye ba, kogi ne ke kawo shi. Masanin labarin ƙasa Wolf Roder, wanda ya bibiyi rayuwar mutanen Kainji bayan tayar da su, da Frank Salamone wanda ya yi nazarin Gungawa, duk sun yi rubutu kan wannan al'umma da abin da ya same ta. An ba su gidajen siminti a tudu, jere reras, amma ƙasar tudu ba lakar tsibiri ba ce, ruwan kuma ya yi nisa da fangali. Diyyar da aka lissafa ta gida ce. Ƙwarewar da aka gada shekaru aru-aru ba ta shiga takardar kowa ba.

Yadda ruwan ke hawa da sauka shi ma ya koma hannun wasu, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni. Kogin Neja ambaliya biyu yake kawowa Kainji a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ruwan saman da ya sauka a ƙasar Sakkwato da Kebbi da kewaye, wanda ke ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya daɗe cikin fadamun Mali ya zubar da lakarsa, ya iso nan cikin hunturu. Masu tafiyar da madatsa kan tara ruwan biyu, su riƙa sakinsa ta injina cikin bazara, har tafkin ya sauka da kimanin mita 10 kafin sabon ruwa ya shigo.

Wannan saukar ce ke buɗe dubban kadada a gaɓa, kuma mutane sun koyi bin ta. Wanda ya je bakin tafki da bazara zai ga yadda ake yi: ruwa na ja da baya, manomi na biye da shi yana shuka a danshin da ya bari. Bayan 'yan kwanaki ya kinkimi injinsa ya matsa gaba, ya ƙara tiyo, ya ɗaure mahaɗar da tsohuwar robar taya don kada ta yi yoyo. Duk tsawon tiyon da ya ƙaru, ƙarin mai ne. Sannan akwai tsere da lokaci, don dole amfanin ya nuna kafin farin ruwa ya dawo ya rufe gonar. In aka riƙe ruwa fiye da yadda aka saba, shuka ta makara. In ya dawo da wuri, shinkafa ta nutse tana dab da yanka. Kamfanin Mainstream Energy, wanda ya karɓi tafiyar da tashar a 2013, alƙawarinsa na wuta ne, kuma ba laifi ba ne ya tsara ruwansa bisa buƙatar lantarki da lafiyar madatsa. Laifin na tsarin ƙasa ne, da bai taɓa ɗaukar jadawalin ruwan Kainji a matsayin maganar noma ba, alhali shi ne kalandar manomin gaɓa.

Su: arzikin da aka daina ƙirgawa

Sabon tafki ya zo da kifi kamar ba zai ƙare ba. Ƙididdigar masu bincike ta nuna kamun ya kai kimanin tan 28,000 a 1971, sannan ya faɗo ƙasa da tan 5,000 kafin ƙarshen shekarun 1970. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar kowane sabon tafki ce, wani kuma yawan masunta ne da raga mai ƙananan idanu. Cibiyar binciken da aka kafa a Sabuwar Busa tun 1968, wadda yanzu ake kira NIFFR, ita ta riƙe wannan lissafi.

Daga 1993 aka yi wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da hukumar GTZ ta Jamus domin bunƙasa su a tafkin. A ganina yana cikin 'yan tsirarun manufofin da suka fahimci wurin. An ƙirga kwalekwale da kayan su ƙauye bayan ƙauye, aka shigo da lasisi, aka hana jan babban tarun bakin gaɓa mai kwashe 'ya'yan kifi, kuma aka yi aikin ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa na jihohin Kebbi da Neja. Da kuɗin baƙi suka ƙare, sa ido ya yi sanyi. Masunci ba ya jan haramtacciyar raga don mugunta. Ya san in ya bari, na kusa da shi ba zai bari ba, kuma dokar da ba mai tsaronta mai gaskiya kaɗai take cuta. Yau giwan ruwa da manyan tarwaɗa da karfasa sun yi tsada a kasuwar Yelwa, matan da ke bandar kifi kuma jarinsu bai kai inda yake kaiwa da ba. Shirye-shiryen noman da suka fi cin kuɗi daga 2015 kuwa, ba da masunci aka zana su ba.

Shekarun shinkafa da bashin Anchor Borrowers

Kafin 2015 an yi shirye-shiryen da suka bar alama. Shirin Fadama na Bankin Duniya, tun daga shekarun 1990, shi ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin tiyo. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, aka fara raba taki ta saƙon wayar hannu, buhu biyu a rabin kuɗi. Amma babban sauyi ya zo ne a 2015. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ba zai ba da dala a shigo da su ba. Ranar 17 ga Nuwamba Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers. Tsarinsa shi ne manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, a ba su iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki bashi, a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, su biya da shanshera ta hannun kamfanin da zai saya.

Ba za a yi wa shirin adalci ba in aka ce bai yi komai ba. Noman rani ya bunƙasa. A 2016 gwamnonin Kebbi da Legas, Atiku Bagudu da Akinwunmi Ambode, suka fito da shinkafar Lake Rice, buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000. A 2017 aka buɗe babban injin casar WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Shanshera ta samu masu nema, dillalai suka shiga ƙauyuka, matasa da yawa suka fasa tafiya cirani. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa, farashi ya ƙara hawa.

To amma a bakin tafki shirin ya ci karo da abubuwan da ba a yi tunaninsu ba. Na farko lokaci. Kayan da aka raba a makare ba su da amfani ga mai tsere da ruwa. Manomin tudu zai iya jinkirta shuka da mako biyu ya sha, na gaɓa ba zai iya ba. Na biyu ambaliya. A Satumban 2020 shugabannin manoman shinkafa suka ce ruwa ya lalata wajen hekta 450,000 a Jihar Kebbi. A takarda akwai inshorar hukumar NAIC cikin kunshin bashin, amma manomi da yawa bai san an cire masa kuɗinta ba, balle ya san ƙofar da zai buga in gonarsa ta nutse. Na uku, an cusa 'yan siyasa da manoman takarda cikin jerin sunaye, har mutane suka ɗauki bashin a matsayin rabon arzikin ƙasa. Zuwa farkon 2023 kuɗin da aka fitar sun haura naira tiriliyan ɗaya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya musa ya ce kashi 52 ne. Ko an ɗauki na bankin, kusan rabi bai dawo ba.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabon dalar buhunan shinkafa da aka tara a Abuja a Janairun 2022 ba sa son ji. Rufe iyaka ƙofa ce da ta toshe shiga da fita. Albasar da 'yan kasuwarmu ke kai wa ƙasashen maƙwabta ta tsaya, haka wasu kayan gona. Masunci kuwa, da ba shinkafa yake nomawa ba, shi mai saye ne, don haka tsadar da ta faranta wa maƙwabcinsa rai shi kuka ta sa shi. A ƙauye ɗaya manufa ɗaya ta cika aljihun wani ta huda na wani, kuma sau da yawa a cikin gida ɗaya ne.

Daga 2023: fetur ya zama babban taki

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. A Oktoba Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗage hana dala ga kayan da aka hana, ya kuma janye jiki daga ba da bashin noma.

Masana tattalin arziki suna da hujjojinsu kan cire tallafi, kuma ba gardamarsu ta kawo ni ba. Abin da ya shafi maƙalar nan shi ne, a Yawuri da Ngaski da Shanga fetur ba kayan masu mota ba ne. Shi ke ɗaga ruwa zuwa fangali, shi ke tura jirgin masunci zuwa tsakiyar tafki, shi ke kai buhun albasa kasuwa. Shekaru talatin gwamnati na koya wa manomi ya ajiye ƙwarya ya kama inji, da ya kama sai aka ninka masa kuɗin mai sau biyar cikin shekara ɗaya da rabi. Takin NPK da aka sayar naira 5,500 ƙarƙashin shirin shugaban ƙasa a 2017 shi ma ya ninka sau da yawa. Mai hekta biyu ya koma ɗaya, mai ɗaya ya koma bashin dillali, wanda kan ba da kuɗin mai da taki a farkon rani a kan sharaɗin shi zai sayi amfanin a farashin da ya yanka. Wasu matasa sun bar gona sun nufi ramukan zinariya da ke yankin, ƙwadago ya ƙara tsada.

Duk da haka waɗanda suka daure sun noma, domin farashi na sama. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a Yunin 2024. A Yuli gwamnatin tarayya ta dakatar da haraji na kwana 150 kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba. Talakan birni na cikin yunwa, kuma ba mai hankalin da zai ce kada a sassauta masa. Sai dai manomin da ya sayi mai da taki a farashin tsada ya wayi gari cikin 2025 farashin shanshera da masara ya karye a hannunsa. Cikin shekara goma an ce masa ya noma shinkafa an rufe masa ƙofa, sannan aka buɗe ƙofar ba sallama. Wanda aka yi wa haka, in an sake kiransa da sabon shiri, zai karɓi kayan, amma ba zai zuba dukiyarsa ba.

Gwamnatin Jihar Kebbi ta Nasir Idris ta raba taki da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, kuma hanyar daidai ce. Amfaninta zai dogara ne ga ko akwai mai gyara da kayan gyara a Yelwa da Wara, da kuma ko injin ya isa hannun mai fangali ko ya tsaya a gidan mai unguwar siyasa.

Hanya, ajiya da tsaro

Albasa ba ta jira. Da kaka kowa ya kwashe lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya zuba tasa a rudu yana jiran tsada, zafi da ruɓa su ci wani kaso. Yelwa na kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Jebba da Kontagora zuwa Sakkwato, wannan gata ne, amma ƙauyukan gaɓa da na tsallake jirgin ruwa ne motarsu. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da fasinjoji fiye da ƙima ya kife kusa da Wara, sama da mutum ɗari suka rasu ko suka ɓace, mafi yawansu masu neman abinci. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Tun daga lokacin akwai gonakin tudu a Shanga da Ngaski da masu su ke shakkar zuwa, jama'a suka ƙara matsowa gaɓa, inda fili ke da iyaka, makiyayi ma can yake nufa da rani.

Abin da ya kamata a yi

Mafi sauƙin gyara shi ne na ruwa, kuma kusan ba ya cin kuɗi. Masu tafiyar da madatsa sun san matakin tafki kowace rana, hukumar kula da kogunan ƙasa tana da hasashen ambaliya, ƙasashen da ke kan Kogin Neja kuma suna musayar bayanai ta hukumarsu da ke Yamai. Hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, ita ya kamata ta tattara wannan ta mai da shi sanarwa cikin Hausa da harsunan gaɓa: yaushe ake sa ran ruwa zai fara ja, ina zai tsaya, yaushe zai dawo. A karanta a rediyo kowane mako, a aika wa hakimai da sarakunan ruwa ta fadar Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Gargaɗin kwana biyu kafin a buɗe ƙofofi na ceton rai ne. Manomi na buƙatar na wata uku, tun kafin ya ci bashin iri.

Haka nan duk wani sauyi a harajin shigo da hatsi a sanar da shi kafin shuka, da ranar farawa da ta ƙarewa, yadda mai noma zai yi lissafinsa ido buɗe. In za a dawo da bashin noma, a bar shi ya bi gida da sana'o'insa uku, albasa da kifi su shiga, a biya inshora a fili inda jama'a za su gani. A kuma ba NIFFR kuɗin komawa ƙirgar kamun kifi kowace shekara, don ba a tsaron abin da ba a san yawansa ba.

Ina roƙon wakilan HYPPADEC da na ma'aikatar aikin gona ta Jihar Kebbi su fara da jadawalin ruwa, su fitar da na farko kafin ruwa ya fara ja a bazara mai zuwa.